Gaban Motar Marigayi Yana Saman Coci

Gwaggo Hortensia,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, don kwanakin da suka rage mini ba su da yawa. Shekarata sittin da takwas, ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Nakan karanta shafinki duk Asabar, ina girgiza kai ina cewa mutanen zamanin nan ba su iya riƙe sirrin gidajensu ba. To, yau ga ni. Na sauya sunayen kowa, ban da na marigayi mijina, shi dai babu abin da zai ƙara samunsa.

Kafin in shiga maganar ina so ki san ko wace ce ni. Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabantar mata masu ɗinki a masana'antar kayan makaranta, kuma ko zare ban taɓa fita da shi a jakata ba. 'Ya'ya biyu na haifa, namiji da mace, na raine su a kan abu guda: duk wanda ya yi laifi ya buɗe baki ya faɗa tun kafin a tambaye shi. Ɗana Osniel yana shekara tara ya tsinko mangwaron maƙwabta, na tasa shi gaba har ƙofar gidansu da ƙwallon mangwaron a hannunsa. Har yau ana ba da labarin a unguwarmu. Iyaye mata sukan kawo mini 'ya'yansu in yi musu faɗa. Ba don yabon kai na faɗi wannan ba, sai don ki gane girman abin da ke gabana.

Marigayi mijina Eulogio ya bar mana mota, Chevrolet shuɗiya ƙirar 1954. Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar fasinja da ita tsakanin garinmu da Santa Clara. Da ita muka ci, da ita muka sha, a cikinta na fara naƙudar 'yata Yudelkis. Ba zan ɓoye miki ba, gabanta ya gaji. Idan ta faɗa rami sai ta yi ta rausaya kamar kwalekwale har a wuce gida uku. Sitiyarinta sai mutum ya ci ya ƙoshi yake iya juya shi. Birki kuwa sai an taka sau uku, na huɗun addu'a ce. Amma Eulogio bai taɓa yin ƙorafi ba. Mazan jiya ke nan. Ya bar duniya da damatsa kamar na ɗan kokawa.

Da motar ta dawo hannun Osniel, sai ya fara da cire injin ubansa ya sa na dizal da ya samo daga wata ƙaramar bas. Injin ya yi wa gaban nauyi, motar ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa, shasin, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, ya tsage wuri biyu. Daga nan ya zo mini da maganar da ta hana ni cin abinci yini guda. Wai zai yanke gaban shasin gaba ɗaya, daga inda ƙafar direba take har bamba, ya jona gaban wata motar zamani, da sifirin ɗinta da birkinta da sitiyarinta. Na ce masa wannan yanke wa ubansa ƙafafu ne. Ya ce, "Mama, ƙafafun Baba suna maƙabarta, waɗannan na mota ne." Kin ji irin amsar da ɗa ke ba uwarsa a yanzu.

Wanda ya yi masa aikin shi ne mijin Yudelkis, Reinier, mai walda. Wannan mutumin ban taɓa sakin jiki da shi ba. Yana zuwa cin abinci da singileti. Yana kirana "surukata ta kaina" a cikin mutane kamar ni abokiyar wasansa ce. Kuma shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sayar wa 'yan gwangwan ƙafafun tsohon kekena na ɗinki, wai ya ɗauka na yar da su. Ya ba da haƙuri, ya ƙera mini wasu, na yafe masa. Amma nakan tuna masa lokaci lokaci, don amfanin kansa.

Wata biyu suka yi a tsakar gidana. Su auna nan, su ja zare can, tartsatsin walda yana faɗa wa shanyata, kajina suka daina ƙwai. Ranar da za su yanke, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Da na fito sai ga gaban motar Eulogio a jingine bayan kicin, ƙarafa biyu masu kauri da na tsakiya da ya haɗa su, baƙi ƙirin da giris ɗin shekara saba'in. Osniel ya nuna shi da yatsa ya ce kada kowa ya taɓa. Bai faɗi dalili ba. Ina so ki riƙe wannan, Gwaggo, bai faɗi dalili ba. Ɗan da na haifa ya ba ni umarni a cikin gidana, ya juya ya tafi.

Sati uku ƙarfen nan yana wurin. Ya ɓata mini zanin gado biyu, na yi tuntuɓe da shi na fasa yatsa. Ana cikin haka Fada Anselmo ya sanar a coci cewa gara ta cinye gungumen da ke riƙe da ƙararrawa, shi ya sa tun guguwar bara take ajiye a ƙasa, kuma duk mai ƙarfe mai kauri da ba ya amfani da shi ya taimaka. Ina zaune a bencina na gaba sai na ji kamar da ni ake. Eulogio mutumin kirki ne, amma a shekara arba'in da biyu na aurenmu sau uku ya shiga coci, na ukun ma ɗauko shi aka yi. Na ce a raina, tunda shi bai zo ba, bari gaban motarsa ya zo.

Wata Talata da safe Osniel da Reinier suka tafi Santa Clara neman tiyon birki. Na kira mai keken doki, muka ɗora ƙarfen, na lulluɓe shi da buhu. Na ce wa Fada tsohon ƙarfe ne na gida, kuma ba na so a ambaci sunana, don aikin alheri ba a yi masa talla. Ma'aikatan da coci ya ɗauko daga wani gari suka kankare shi, suka shafa masa koren fenti, suka hau da shi hasumiya suka kafa. Ya zauna daram kamar don wurin aka ƙera shi. Lahadin da ta biyo baya ƙararrawa ta kaɗa bayan wata goma sha huɗu, tsofaffi suna share hawaye, Fada ya gode wa "wata baiwar Allah mai ɓoye alherinta". Na sunkuyar da kai, amma ba sosai ba.

Osniel da Reinier kuwa ba su lura babu ƙarfen ba sai da aiki ya ƙare. Dole in faɗi gaskiya, tunda ita na saba faɗi: motar ta yi kyau. Osniel ya matsa mini sai da na shiga muka zaga unguwa. Ya bi ta ramin nan na gaban gidan burodi, wanda ya taɓa sa ni cizon harshe, ban ji komai ba. Da yatsa biyu yake juya sitiyari. Na ce masa irin wannan sauƙin ne ke lalata maza, amma dai bayana bai yi ciwo ba.

Washegari ya je ofishin duba motoci. Ya dawo fuska a murtuƙe, ya wuce ni ko gaisuwa babu, ya nufi bayan kicin. Ashe lambar shasin motar, wadda ke rubuce a takardunta, a jikin ƙarfen nan aka buga ta. Sun ce masa sai ya kawo tsohon gaban sun ga lambar da idonsu, sannan su rubuta sauyin da ya yi. In babu shi, motar ba ta da suna a wurin hukuma, ba za ta ɗauki fasinja ko ɗaya ba, har ma ana iya tambayarsa inda ya samo ta. Sun ba shi ranar ashirin da shida ga wannan wata.

Ya fito daga bayan kicin ya ce, "Mama, ina ƙarfen nan?"

Gwaggo, ban yi ƙarya ba. Ina so a san wannan. Abin da na ce shi ne, mutumin da ya san abu yana da muhimmanci ba ya jefar da shi cikin kaji, kuma ubansa ko ƙusa ya ajiye ya san inda take bayan shekara goma. Na yi minti ashirin ina magana a kan sakaci. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Kafin in kai ƙarshe ya riga ya fice.

Gidan Reinier ya tafi. Ba na wurin, amma maƙwabtansu sun kawo mini labari dalla-dalla. Ya kira shi ɓarawon gwangwan a tsakiyar titi, ya tuna masa ƙafafun keken ɗinki. Reinier ya rantse da kabarin uwarsa. Yudelkis ta fito da ludayi a hannu ta ce wa yayanta mijinta ya yi wata biyu a kwance ƙarƙashin motarsa, yau ga godiyar da ya samu. Da yamma Osniel ya dawo ya tambayi ra'ayina. Na ce ni ba na zargin kowa, amma tun ranar bikin auren Yudelkis na faɗi abin da na faɗa. Wannan ma gaskiya ne, na faɗa ranar biki.

Yau kwana goma sha shida ke nan. Lahadi biyu na dafa shinkafa da baƙin wake da rogo na mutum tara, mutum huɗu suka ci. Yudelkis ta hana jikokina zuwa. Ta ce ba za ta taka gidan da ake kiran uban 'ya'yanta ɓarawo ba, har suna maganar komawa Cienfuegos wurin danginsa. Mutum biyu sun kwashe aikin ƙofofinsu daga shagon Reinier. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne shi kansa. Kullum da safe yana hawa keke yana bin 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya, har garuruwan da ke kusa, yana ɗaga tsofaffin ƙarafa yana leƙa lamba. Shekaranjiya ya tsaya a tagata, gumi sharkaf, ya miƙo mini gwaiba uku ya ce, "Surukata ta kaina, kada ki sa damuwa a ranki, zan nemo ƙarfen Baba ko a cikin teku yake." Bai rufe baki ba ƙararrawa ta fara kaɗa sha biyu a bisa kanmu. Na ce masa ya je ya sa riga.

Na hau hasumiyar da kaina in tabbatar, matakala hamsin da biyu da waɗannan gwiwoyin nawa. Na ce wa mai shara ƙura zan duba. Lambar tana nan ƙarƙashin fenti, na karanta ta da tabarau, ko harafi ɗaya bai goge ba. Na kuma je furta zunubi da niyyar in faɗa wa Fada, amma da na durƙusa sai na ji kaina ina ba shi labarin rashin ladabin Osniel da singiletin Reinier. Ya ce in ƙara haƙuri da su. Da a ce ɗaya daga cikinsu yana zuwa coci, da tuni ya ɗaga kai ya gane ƙarfen, an wuce wurin. Kin ga inda rashin ibada ke kai mutane.

Ga abin da nake so ki taimaka mini da shi. Ranar ashirin da takwas ake bikin cocinmu, babban baƙo zai zo ya sa wa ƙararrawa albarka, ni ce kuma zan riƙe furanni. Idan aka sauke ƙarfen, kowa zai san baiwar Allah mai ɓoye alherinta kayan ɗanta ta ɗauka. Idan ba a sauke ba, mota ta mutu a tsaye, 'yata kuma ta bar gari. Na yi tunanin in rubuta wa Osniel wasiƙa marar suna da hannun hagu. Na yi tunanin in ce mafarki na yi Eulogio ya nuna mini hasumiya. Na yi tunanin in ce mai keken doki ne ya ɗauka bisa kuskure, sai dai mutumin yana da 'ya'ya biyar, yana kuma da baki. Wace hanya ce ta fi, wadda za a samu ƙarfen, a wanke Reinier, ba tare da uwa ta tsaya gaban 'ya'yanta kamar mai laifi ba? Don idan uwa ta rasa kwarjininta gida ya rushe, kuma ba don kaina nake faɗi ba.

Ni ce,
Uwar da Ba Ta Taɓa Yin Ƙarya Ba

* * *

'Yar'uwa,

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A na farko na yi dariya har kofi ya sarƙe ni. A na biyu ban yi ba, don na tuna akwai mutumin da ke yawo a keke cikin rana.

Kina da taki gaskiyar, ba zan hana ki ita ba. Motar nan ba ƙarfe ba ce kawai a wurinki. Da Osniel ya zaunar da ke ya nuna miki inda shasin ya tsage, ya ce miki a kan wannan tsagar yake ɗaukar 'ya'yan mutane kullum, da wataƙila kin yi kukanki kin fito kin sa albarka. Da kuma ya ƙara jimla ɗaya ranar da ya jingine ƙarfen, da ba mu zo nan ba. Kiran mijin ƙanwarsa ɓarawo a titi ba tare da shaida ba, wannan nasa ne, shi zai ɗauka. Bayar da ƙarfen ma ban ɗauke shi babban laifi ba. Cikin fushi da rashin sani kika yi, sai kika sa masa sunan ibada. Da a ranar da ya tambaye ki kin nuna masa hasumiya, da yanzu labarin dariya ne a teburin Lahadi.

Laifin ya fara ne daga minti ashirin ɗin nan. Kin ce ba ki yi ƙarya ba. Haka ne, gaskiya goma kika jera a bakin ƙofa don kada a hango ta sha ɗayan da ke cikin ɗaki. Ɗanki ya fita yana zaton abin da kika san ba haka yake ba, kika ƙyale shi, da ya dawo kika ƙara zuga shi. Mutum ya rasa sunansa, ya rasa masu kawo masa aiki, yana shirin kwashe iyalinsa. Da wata ce ta kawo miki wannan labarin, na san abin da za ki ce mata, kuma ba za ki gama cikin minti ashirin ba.

Dabarun nan naki duk ki bar su. 'Ya'yanki sun san yadda kike jera magana ko da ƙafa kika rubuta wasiƙa. Eulogio kuma ki bar shi ya huta, an riga an yanke masa mota, kada a sa shi shaidar zur. Mai keken doki bai yi miki komai ba, wanda ake zargi a banza mutum ɗaya ya isa.

Wurin Reinier za ki fara zuwa, ba wurin Osniel ba, don shi aka cuta. Ki je shagonsa lokacin da maƙwabta suke nan, tunda a titi aka zage shi. Ki ce masa, ni na ɗauki ƙarfen, na kai coci, na yi shiru ana zarginka, ka yafe mini. Shi ke nan. Idan kika ji harshenki ya kama hanyar kawo uzuri, ki nemi ruwa ki sha. Kada ki taɓo maganar singileti ko ta keken ɗinki. Daga nan ku tafi tare wurin Osniel, sannan wurin Fada, wannan karon labarin kanki za ki ba shi.

Maganar ƙarfe ita ce mai sauƙi. Osniel ya koma ofishin tun kafin ranar da suka ba shi, ya faɗa musu inda abin yake, ya tambaya ko mai duba zai iya hawa ya gani a can. In sun ce a'a, sai a sauke. Kada kowa ya yanko wurin lambar kaɗai kafin su ba da izini, kada kuma ya saurari mai ba shi shawarar buga lamba da kansa a sabon shasi, hanyar gidan yari ce. Ƙararrawa ba za ta daɗe a ƙasa ba. Kina da mai walda a gida wanda ya jona gaban mota har aka bi rami ba ki ji ba, ƙera mata mazauni aikin yini biyu ne a wurinsa, idan an roƙe shi da ladabi. In ya ƙi, yana da dama. Tunda kuma mutane motar za ta ɗauka, a sa wani bakanike na waje ya sake duba waldar da saitin ƙafafun kafin ta hau babban titi.

Batun kwarjini kuwa, 'ya'yanki sun yi shekara arba'in suna jin wa'azi a kan amsa laifi, ba su taɓa ganin mai wa'azin ta gwada ba. Za su yi fushi, Yudelkis za ta fi kowa, wataƙila ta yi wata guda tana aiko miki da magana ta bakin yara. Unguwa za ta yi ta ba da labarin har bayan ranki. Ki jure, ya fi ki raka su tasha. Furanni, in Fada ya bar miki ki riƙe, in ya ba wata ki tafa mata.

Saura abu ɗaya. Kin sauya sunaye, kin kyauta, amma a duk lardin nan coci ɗaya ne ƙararrawarsa ke rataye a jikin gaban Chevrolet. Jaridar nan ta isa garinku tun ƙarfe bakwai na safe, kuma ba ke kaɗai ke karanta shafina ba. Gaskiyar da mutum ya ji daga bakinki daban take da wadda aka karanto masa a titi. Ki ajiye takardar nan, ki sa takalmi, ki riga su isa shagon.

Allah ya sauƙaƙa miki hanya, ya sanyaya zuciyar surukinki, ya kuma daidaita tsakanin 'ya'yanki.

Gwaggo Hortensia